Bi Sawun Takardar, 'Yata

'Yata, saƙonki ya iso gare ni ranar Laraba da la'asar, tare da 'yan takardun da kika ce in duba miki. Na karanta su sau biyu, na farko a zaure, na biyu bayan sallar isha'i da gida ya yi tsit. Na ji daɗi ƙwarai da kika zaɓi yin binciken digirinki na biyu a kan yadda ake ɗaukar mata da maza aiki a Jega da Aliero da Maiyama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lokacin da aka kafa jami'ar Aliero a 2006 ke kina firamare, kuma irin wannan ranar muke fata tun a lokacin: 'ya'yanmu su zauna su dubi al'amuranmu da idon ilimi. Kin nemi shawarata tunda na yi shekaru ina zama a kwamitocin ɗaukar ma'aikata kafin in ajiye aiki. Zan ba ki, amma ki yi haƙuri da Baffanki, domin da abin da ba na alfahari da shi zan fara.

Wata shekara da hunturu muka zauna tantance masu neman aiki a wani ofis da ba sai na faɗi sunansa ba. Mu biyar ne a bayan tebur, dukanmu maza. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata yarinya ta shigo, takardunta a cikin baƙar leda ta naɗe su da kyau don kada ƙura ta taɓa su. Ta tagar ɗakin ina hango ƙanwarta a gindin dogon yaro tana jijjiga mata jariri. Duk abin da muka tambaye ta ta amsa, har wani lissafi da ya kayar da samari uku kafin ita ta warware shi a tsaye. Sai ɗayanmu ya ce mata, "Maigidanki ya yarda kuwa?" Ta ce shi ma ya kawo ta a kan babur, yana nan waje. Da ta fita muka dubi juna. Wani ya ce in aka tura ta ƙauye ba za ta zauna ba, wani ya ce baɗi ma wata haihuwar ce. Ni ne na ɗauki jan biro na ja layi a ƙarƙashin sunan wanda ke bi mata. Ba wanda ya tilasta mini. Ba kuma wanda muka tambaya cikin samarin nan ko zai zauna a ƙauye. Har yau in na ga mace riƙe da baƙar leda a bakin sakatariya sai gabana ya faɗi.

Na kawo miki wannan ne saboda abin da na gani a tsarin aikinki. Kin ce za ki zaga ofisoshi ki ƙirga maza nawa mata nawa, sannan ki raba takardun tambayoyi. Ƙidaya tana da amfani, ki yi ta. Amma da a ce kin zo ofishinmu a waccan shekarar da takardar tambayoyinki, kin tambaye ni ko muna nuna wa mata bambanci, da na cika miki cewa a'a, kuma da zuciya ɗaya zan cika, don a lokacin gani nake tausaya mata na yi. Yarinyar nan ba ta cikin fayil ɗin kowa. Mai ƙidaya yana samun waɗanda suka shiga ne kawai, waɗanda suka zube a hanya kuwa sai an bi sawu. Shi ya sa nake so ki ɗauki takardar neman aiki guda ki bi ta tun daga ranar da aka ji labarin gurbi har ranar da aka sa hannu, ki ga a wane mataki ake zubewa, kuma su wa ke zubewa.

Ki fara da jin labarin kansa. A garuruwanmu labarin aiki yakan riga sanarwa fita. A majalisa ake jin sa, ko a ƙofar masallaci bayan magariba, ko a teburin mai shayi, ko a rumfar wani a kasuwar Jega. Kafin a manna takarda a jikin allo, masu uwa a gindin murhu sun gama haɗa takardunsu. To ki duba wuraren nan da na lissafa, wanne ne mace ke zama? Wasu masana uku, Lori Beaman da Niall Keleher da Jeremy Magruder, sun gwada wannan a ƙasar Malawi, suka wallafa sakamakon a 2018. Sun buɗe ɗaukar ma'aikata na gaske, sannan suka ce wa masu neman aikin kowa ya kawo wani da ya san zai iya. Maza suka riƙa kawo maza 'yan'uwansu, mata kaɗan ƙwarai. Amma da aka ce musu lalle mace ake so, sai ga shi sun kawo matan da suka cancanta. Ashe sun san su, ba su dai faɗo musu a rai ba ne. Wannan binciken ya fi kusa da mu fiye da yawancin waɗanda kika jero, domin ɗaukar aikinmu a kan sanayya yake tafiya. Yanzu an ce komai ya koma intanet. To ki tambaya: wa ke da babbar waya, wa ke da kuɗin data, wa zai iya barin gida a Maiyama ya je ya yini a shagon kwamfuta yana jiran shafi ya buɗe?

Daga nan sai takardu, kuma uwarsu ita ce takardar shaidar asali, wadda kowa ke kira indijin. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a raba muƙamai yadda kowane yanki zai ga nasa, kuma tun 1996 akwai hukumar raba daidai da ke lura da haka. Niyyar mai kyau ce, mu 'yan Arewa mun ci moriyarta. Sai dai yanki take ƙirgawa, kuma matar aure takan faɗa tsakanin gida biyu. A ƙa'idar hukumar, mace tana nan a jihar mahaifinta ko ta yi shekara talatin a garin miji. A garin uban kuma sai a ce ai ta yi aure ta tafi. A watan Nuwamba na 2012 an jinkirta rantsar da Mai shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda asalinta Anambra ne, gurbin kuma na Abiya ne, jihar mijinta inda ta yi aikinta, sai da aka kai ruwa rana kafin a rantsar da ita. In haka ta sami alƙaliya, ina ga 'yar Zuru da ke aure a Jega tana neman aikin koyarwa? A watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurin da zai bai wa mace damar zama 'yar jihar mijinta. Wata guda bayan haka wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta cika alkawarin kashi 35 cikin ɗari na muƙamai ga mata, wanda ke rubuce tun 2006. Ki sa waɗannan a kundinki, amma ki je ki ga yadda suke sauka a teburin akawu.

Kada kuma ki tsaya a kan mata kaɗai. Jega gari ne na kasuwa tun zamanin kakanni, akwai Bayaraben da a nan aka yanke masa cibiya, Hausarsa ta fi ta wasunmu, amma in ya je neman indijin sai a ce ya tafi garinsu, garin da bai taɓa kwana ba. Akwai ɗan Fulanin ruga da ya yi karatu da ƙyar. Akwai gurgu da makaho, waɗanda dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware wa masu buƙata ta musamman irinsu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Ki duba ko ɗakin da ake ganawar ma keken gurgu zai iya shiga.

Sai cikin ɗakin, inda na yi nawa kuskuren. A wani aiki da aka wallafa a 2012, wasu masu bincike a jami'ar Yale ta Amurka sun aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aiki iri ɗaya, ba bambancin ko wasali, sai suna kawai: wasu an rubuta musu John, wasu Jennifer. Malaman suka ga John ya fi ƙwarewa, suka yanka masa albashin wajen dala 30,000 a shekara, ita kuma wajen 26,500. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne malamai mata ma haka suka yi. Saboda haka kada ki shiga aikin nan da tunanin akwai mugaye a gefe guda da salihai a ɗaya gefen. Yawancin waɗanda za ki tarar mutanen kirki ne masu salla da zumunci, abin da suka saba gani ne ya zame musu ma'auni ba su sani ba. In kin je musu da zargi za su rufe miki ƙofa. In kin ce su ba ki labarin yadda suka zaɓi mutum na ƙarshe da suka ɗauka, daki-daki, za ki ji abin da takardar tambayoyi ba za ta taɓa kawo miki ba. Ki tambaye su ko tambayoyi iri ɗaya suke yi wa kowa, ko kowa yana rubuta makinsa kafin a fara shawara, ko kuwa sai shugaba ya yi magana sauran su bi. Mu a zamaninmu shugaba ke fara magana.

Na ga kin rubuta cewa maganin abin shi ne a ɓoye sunaye, kin kafa hujja da aikin Claudia Goldin da Cecilia Rouse na shekarar 2000 a kan ƙungiyoyin makaɗa na Amurka da suka riƙa gwada masu neman shiga a bayan labule. Goldin babbar masaniya ce, ita ta karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023. Amma ki sani daga baya wasu masana sun sake duba alƙaluman wannan aikin suka ce ba su kai ƙarfin yadda ake yayata su ba. A 2017 kuma gwamnatin Ostareliya ta fitar da sakamakon gwajin ɓoye sunaye da ta yi da ma'aikatanta sama da 2,000, sai abin ya juye: da aka cire sunayen, damar mata ta ragu, domin jami'an can dama suna ɗan fifita su. Maganin da ya yi wa wani aiki yana iya tayar wa wani da ciwo. A wurinmu ma, ko kin goge suna, sunan makarantar 'yan mata yana nan a jikin takarda, ɗan guntun katin da wani babba ya aiko kuma ba ya bi ta cikin fayil. Ki karanta na waje da kyau, sannan ki bar Jega ta faɗi nata da bakinta.

Yanzu ga maganar da na fi so ki daɗe a kanta, wato tambayar nan ta "maigidanki ya yarda?" Mu a ɗakin nan mun yanke wa mijin yarinyar hukunci alhali yana zaune a kan babur ɗinsa a waje yana jiran albishir. Mun ɗauka mun san zuciyar mazan garinmu. Wasu masana uku, ciki har da Leonardo Bursztyn, sun yi wani bincike a birnin Riyad na Saudiyya wanda aka wallafa a 2020. Sun tara magidanta matasa 500, suka tambayi kowa a asirce ko ya yarda mace ta yi aiki a wajen gida. Kashi 87 cikin ɗari suka ce sun yarda. Da aka ce kowa ya kintaci ra'ayin sauran, sai mafi yawansu suka zaci masu yarda ba su kai haka ba. Kowa yana tsoron bakin maƙwabcinsa, maƙwabcin kuma nasa bakin yake tsoro. Waɗanda aka gaya wa gaskiyar adadin sun fi sauran sa sunan matansu a wurin neman aiki, bayan 'yan watanni kuma matan nasu sun fi zuwa ganawar neman aiki. Ban ce abin da za ki samu a Aliero ke nan ba. Na ce dai ki tambaya. Ki sami ɗalibi namiji mai hankali ya taya ki, ya keɓe da magidanci shi kaɗai, ba a majalisa ba, domin amsar majalisa daban take da ta cikin ɗaki. Ni na san mutanen da a zaure za su ce mace sai ɗaki, amma in matarsu na naƙuda addu'arsu ita ce Allah ya sa mace ce ke bakin aiki a asibiti. Ki tambaye su wannan ma'aikaciyar 'yar wa suke so ta zama.

Bayan an ba da takardar kama aiki ma tafiya ba ta ƙare ba. Kwalejin kiwon lafiya ta Jega tana yaye 'yan mata kowace shekara. Ki nemi wasu daga cikin waɗanda suka gama shekara uku ko biyar da suka wuce, ki ji ina suke. Wadda aka tura ƙauye, akwai ɗakin kwana mai ƙofa da sakata? Akwai ruwa? Akwai makewayi na mata a ofishin? In ita kaɗai ce mace cikin maza goma, wa take kai wa kuka idan wani na gaba da ita ya fara yi mata maganar banza? Rosabeth Kanter ta rubuta tun 1977 cewa wanda yake shi kaɗai a cikin taro, kuskurensa na dukan irinsa ne. Na ga haka da idona. Namiji ya makara a ce wane ya makara, mace ta makara a ce ka ga halin mata.

Akwai jimla guda a gabatarwarki da nake roƙon ki cire, inda kika ce yawancin matan yankin nan ba sa aiki. 'Yata, da kuɗin me kakarki ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki? Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da kiwon tumaki. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta tun 1969 a kan cinikin ɓoye da matan Hausa ke yi daga cikin gidajensu, Enid Schildkrout kuma ta bi sawun yara masu talla a Kano ta nuna yadda suke haɗa kasuwar da ba ta da rumfa. Matar da ke lissafin bashin gida ashirin a ka, tana juya adashi ba ta taɓa cin na kowa ba, ba a ce mata ba ta aiki. Albashi ne ba ta da shi. Ki rubuta haka, ya fi daidai kuma ya fi mutunci.

Tsara aiki don ya dace da rayuwar mata kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda Malam Abdullahi na Gwandu baffanta ne, da ta so ilimi ya kai ga matan ƙauyuka ta lura cewa masu goyo da hidimar gida ba za su iya doguwar tafiya ba. Sai ta zaɓi dattijai mata masu amana ta naɗa kowaccensu jaji, ta ɗora musu malfa, suna tafe da 'yan mata, suna karɓo karatu suna kai wa na gida. 'Yan Taru ke nan. Ta rasu a 1864, tsarin kuma ya rayu bayanta. Ta dubi wa zai iya, ta dubi abin da zai hana shi, ta gyara hanya. Ki ba ta shafi a kundinki kusa da su Kanter.

Ki kula da harshe in kin shiga gari. Kalmar jinsi da kuke ta maimaitawa a jami'a, a kunnen mutanenmu yanzu wani abu daban take tunowa, kina furta ta za ki ga fuska ta canza. Ki ce kina binciken yadda ake ɗaukar mata da maza aiki, ko an bai wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Wannan kowa ya san shi. Malamanmu suna karantar da mu a Suratul Ƙasas cewa ɗaya daga cikin 'yan matan nan biyu na Madyana ce ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki, ta kuma kafa dalilinta a kan ƙarfi da amana. Ko a nan Aliero, wanda ya karye aka ɗauko shi daga nesa zuwa wurin masu ɗori, hannun da ya iya yake nema. Ki fara gaida hakimi da limami kafin ki shiga ko'ina, ki sa mayafinki yadda kika saba, ki zauna a tabarma in an shimfiɗa miki, ki sha ruwan da aka kawo.

Duk wadda ta buɗe miki cikinta ta ba ki amana. Garuruwanmu ƙanana ne, in kin rubuta cewa wata ma'aikaciyar jinya mai 'ya'ya huɗu a wuri kaza ta ce kaza, kin faɗi sunanta ko ba ki faɗa ba. Ki sauya duk abin da zai sa a gane ta, ki adana muryoyin da kika ɗauka inda hannu ba zai kai ba. In kuma binciken ya nuna miki abin da ba ki zata ba, misali a wani wurin mata ake fifitawa, ko kuwa talauci da rashin hanya sun fi zama mace ko namiji tasiri, ki rubuta shi yadda yake ko da malamin da ke duba aikinki ya so jin wani abu daban. Kuma in kin gama, ki fassara taƙaitaccensa da Hausa ki kai wa waɗanda suka ba ki lokacinsu.

Akwai tsofaffin abokan aikina biyu da suka rage, ɗaya a Jega ɗaya a Maiyama, na yi musu magana sun ce ki zo. Ɗayan yana cikin mu biyar ɗin nan, ban sani ba ko yana tuna yarinyar, amma zan tambaye shi a gabanki. Ki zo ranar Alhamis da hantsi mu tafi tare, ki taho da littafin rubutu mai kauri. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce in kin biyo ta Aliero ki riƙo mata albasa.